Kuɗin ajiyar haya ba kyauta ba ne, ku daina bar wa ejan

Jiya bayan sallar isha'i wani yaro ɗan Zariya da ke karatun digiri na biyu a nan Manchesta ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce Yaya, ejan ɗin gidan da na tashi ya riƙe min difozit ɗina, wato kuɗin ajiyar da na bayar lokacin kama gida, fam 600 wai na bar ɗakin da datti, ni dai na bar shi da Allah. Wallahi har na iso gida maganar tana cina. Yaron nan aikin dare yake yi a sito yana ɗaukar kwalaye, fam 600 gumin sati nawa ne a wajensa, amma ya yafe tun kafin ya tura ko wasiƙa ɗaya. Kuma ban ga laifinsa sosai ba, don na san daga inda ya taho da wannan tunanin, ni ma daga can na taho da shi.

Kafin in baro gida na zauna a wani filat a Kano shekara uku. Ranar kama gida na biya hayar shekara cif, na biya ejan kashi 10 cikin 100, na biya wani kashi 10 wai na lauya da takardar yarjejeniya, sannan aka ce in kawo kuɗin koshin saboda ko zan yi ɓarna. Ni na yi fenti kafin in shiga, ni na canza kan famfo, ni na gyara ƙofar banɗaki da ta ruɓe. Da zan tashi na je wajen ejan neman kuɗin koshin ɗina, ya ce maigida ya yi tafiya. Na koma, ya ce a bari sabon ɗan haya ya shiga tukuna. Na uku ya daina ɗaga wayata. Da na faɗa wa Baba sai ya ce haba, kai da za ka bar ƙasar ma, kar ka zubar da mutuncinka a kan kuɗi kaɗan. Shi ke nan suka bi shanun sarki. Abin da ya fi damuna yanzu in na tuna, babu wanda ya yi mamaki a duk waɗanda na ba labari, kowa cewa yake ai dama koshin ba ya dawowa.

To a Ingila abin ba haka yake ba, kuma ba wai don ejan ɗinsu sun fi namu tsoron Allah ba, sam. Bambancin shi ne kuɗin ba a bar su a ƙarƙashin ikon mai gida shi kaɗai ba. Tun watan Afrilun 2007 doka ta wajabta wa mai gida ko ejan ya yi wa difozit rajista a ɗaya daga cikin hukumomi uku da gwamnati ta amince da su, Deposit Protection Service, MyDeposits da Tenancy Deposit Scheme. Kwana 30 aka ba shi daga ranar da ya karɓi kuɗinka, kuma dole ya ba ka takarda mai nuna inda suke da yadda za ka karɓe su. Wani lokaci hukumar ce ke riƙe kuɗin gaba ɗaya, wani lokaci ejan ke riƙewa amma da inshorar hukumar a kai. Sannan daga 1 ga Yunin 2019 aka ƙayyade, ba za a karɓi fiye da hayar sati 5 a matsayin difozit ba muddin hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba, kuma aka hana yawancin ƴan kuɗaɗen nan da ejan ke ƙirƙira na cike fom da rubuta yarjejeniya. Masu zama a Sikotilan ku lura, naku tsarin da hukumominku daban ne.

Ni kaina sai da aka gwada ni kafin na san duk wannan. Gidan da muka tashi bara hayarsa fam 950 a wata, difozit fam 1,096. Kwana biyu muka yi ni da maiɗakina muna goge-goge, har cikin obin da bayan firji. Muka miƙa makulli, bayan sati biyu sai ga imel wai za su cire fam 740. Fam 190 na kamfanin shara, fam 150 na fenti, fam 400 na sabon kafet ɗin falo. Kafet ɗin kam akwai laifinmu, gaskiya ɗaya ce, garwashin turaren wuta ya taɓa faɗowa daga kasko ya ƙona wani ɗan wuri kusa da taga, girmansa bai wuce kan babban yatsa ba. Amma kafet ne da muka tarar da shi ya riga ya kwanta, duk hanyar da ake bi daga ƙofa zuwa kicin ta yi baƙi tun kafin mu shigo. Wato so suke in saya musu sabo fil a madadin tsohon da ya gama cin zamaninsa.

Daren nan ban yi barci ba, zuciyata tana ce min kai baƙo ne, bizar aiki gare ka, kar ka ja rigima da masu ƙasa. Wannan tsoron shi ne jarin ejan, sun san baƙo ba ya son sunansa ya shiga wata takardar hukuma. Alhali neman difozit ɗinka babu abin da ya haɗa shi da biza. Wata abokiyar aikina ce ta ce in duba shafin Shelter, ƙungiyar nan mai taimakon ƴan haya, in kuma kira Citizens Advice masu ba jama'a shawara kyauta. A nan na gane abin da ya sauya min tunani gaba ɗaya: a idon hukumar kuɗin mallakina ne, mai gida shi zai kawo hujjar dalilin da zai sa a cire ko fam ɗaya. Ba ni zan roƙa ba.

Na shiga shafin hukumar da ke riƙe da kuɗin na ce ban yarda ba. Fam 356 da babu jayayya a kansu aka fara turo min. Maganar ragowar aka miƙa wa mai sasantawa, ba a biyan ko sisi, ba lauya ba zuwa kotu, kowa ya tura hujjarsa a rubuce kawai. Abin da ya cece ni takardar ƙidayar kayan gida ce da muka sa wa hannu ranar shiga, wadda a lokacin na kusa in sa hannu ban karanta ba, sai maiɗakina ta ce Abban Sadiya tsaya mu duba mana, muka rubuta da biro a gefe cewa kafet ya tsufa, bango yana da tabo a bayan kujera, muka ɗau hotuna muka tura musu ta imel a ranar. Hotunan nan masu kwanan wata su na haɗa da na ranar fita. Ƙunar turaren ma ban ɓoye ba, na ce mu muka yi, a cire daidai da ita.

Wajen sati shida aka yi hukunci ya fito. Aka ba mai gida fam 85 saboda ƙunar, aka dawo min da fam 655. Mai hukuncin ya bayyana cewa tsufan da kaya ke yi saboda zaman yau da gobe ba a ɗora wa ɗan haya, kuma mai gida ba shi da ikon samun sabo a madadin tsoho da kuɗin wani. Maganar shara kuwa ba za a tilasta maka biyan kamfani ba, abin da ke kanka ka mayar da gida da tsabtar da ka same shi. Fam 85 ɗin nan ban ji zafinsu ba ko kaɗan, haƙƙinsa ne.

Kar wani ya ɗauka ina cewa nan aljanna ce can wuta. A Kano na taɓa zama a gidan wani dattijo da albashina ya makale wata uku, ko sau ɗaya bai buga min ƙofa ba, in mun haɗu sai dai ya ce ɗana yaya iyali. A nan ka makara kwana kaɗan sai wasiƙa, babu sanayya babu wanda zai ce a duba maka. Kuma masu gidajenmu na gida ba banza suka fara karɓar koshin ba, akwai ƴan hayar da za su tashi cikin dare su bar bashin wuta da na ruwa, su kwance ƙwan lantarki da soket, su bar masai a cike. Mai gida yana da haƙƙi, ban musa ba. Abin da na ƙi shi ne mutum ɗaya ya zama shi ne mai ajiya, shi ne mai ƙara, shi ne alƙali. Mu da muka taso ana karantar da mu girman amana, a ce kuɗin da aka kira ajiya da baki ejan ya kashe su tun satin farko? Legas ta yi dokar haya a 2011 da ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ku tambayi masu neman gida a can yadda ake binta. Ni a ganina ko ba a jira majalisa ba, ƙungiyoyin dillalai da masu unguwanni za su iya farawa: a rubuta adadin koshin a yarjejeniya da ranar mayarwa, a zaga gida da waya ana bidiyo gaban shaidu biyu ranar shiga da ranar fita. Wayar tana hannun kowa.

Inda mutanenmu suka fi asara a nan kuma, kunya ta ke ba ni in faɗa, a hannun junanmu ne. Ɗalibi ya sauka daga jirgi, wani ɗan gida ya ce zo ga ɗaki a gidana kawo fam 500 a hannu, ba rasit ba takarda saboda ai ƴan uwa ne. To ku sani wanda ke zaune gida ɗaya da mai gidan suna haɗa kicin da banɗaki, dokar rajistar difozit ba ta rufe shi ba, in rigima ta tashi sai dai ƙaramar kotu, a can kuma hujja za a nema. Don Allah ku tura ta banki, ku rubuta ko a WhatsApp ne cewa kaza na ba ka ajiya, kaza za ka dawo min ranar da na tashi.

Yaron Zariyan nan na kira shi da safe na ce ƙanena zo da takardunka. Muka duba shafukan hukumomin nan uku da sunansa da lambar unguwarsa da ranar da ya shiga, babu difozit ɗinsa a ko ɗaya, kuma shi ba da mai gida yake zaune ba, yarjejeniyarsa ce a hannunsa da sa hannun ejan. In mai gida bai yi rajistar ba kotu na iya sa ya dawo da kuɗin, ta ƙara masa tarar da ta kama daga daidai kuɗin har ninki uku. Muka zauna muka rubuta wasiƙa, ba zagi ba barazana, ga abin da na biya ga ranar, ga abin da doka ta ce, na ba ku kwana 14. Ya daɗe yana kallon allon wayar, ya ce Yaya ba za su sa min ido ba? Na ce masa a'a, tura. Ya yi bismillah ya danna.