Firintar nan ta ishe ni

Wallahi na gaji. Kafin in wanke shuɗin hoto irin na cyanotype, sai na juya shi a kwamfuta, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, sannan in buga a kan leda mai shara-shara. To, tawadar ta ƙi bushewa! Na kifa ledar a kan takardar da na shafa wa sinadari, na danne da gilashi, na shanya a rana. Ina ɗagawa sai ga fuskar kakata ta dame, ga layuka sun ratsa goshinta kamar tsagar gado. Leda ta huɗu ke nan yau, kuma ba araha ba. John Herschel da ya ƙirƙiro dabarar a 1842 ya huta, bai san firinta ba.