"Ai Ke 'Yar Gida Ce": Kalmar da Ake Cinye Gumin Masu Jinya da Ita

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, a wani gida a Tudun Wadar Zariya, aka yi wa wata mai jinya wankin babban bargo a gaban baƙi. Laifinta shi ne ta nemi a ba ta minti 15 ta juya tsohuwar da aka ɗauke ta aiki dominta.

Tsohuwar, Hajiya Babba, shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da ita, shekara biyu ke nan. Ba ta iya juyi da kanta, magana ma sai an kai kunne. An ɗauko mai jinyar a kan naira 35,000 a wata, kwana da yini, ta kula da Hajiya. Iyakar abin da aka faɗa ke nan ranar farko, da fatar baki, a falon Alhaji, babban ɗan tsohuwar.

To ranar sai ga 'yar Hajiya ta iso daga Abuja da ƙawayenta, ana shirin wani biki. Aka ci aka sha, kwanuka suka taru a tsakar gida. Ƙarfe 2 daidai mai jinyar ta fito da ruwan ɗumi a roba da tawul a kafaɗa za ta shiga ɗakin Hajiya.

"Ke, ajiye wannan. Kwashe kwanukan nan ki wanke, ki ɗora ruwan tuwo," in ji 'yar Hajiya.

Mai jinyar ta ɗan rusuna. "Anti, ki yi haƙuri, lokacin juya Hajiya ne ya yi. Tun sha biyu take kwance a ɓarin hagu. Kuma wanke-wanken baƙi ba ya cikin abin da muka yi da Alhaji."

Anti ba ta amsa nan take ba. Sai da ta ajiye kofin lemo a hankali, ta zare tabarau, ta juya ta kalli ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya, sai ka ce alƙali zai karanta hukunci.

"Kun ji ko? Lokaci ya yi. Ashe likita muka ɗauko daga asibitin Shika ba mu sani ba. Sannu Dakta. Sannu Farfesa."

Aka kwashe da dariya.

"Ke da kashi kike kwashewa har kina da jadawali? Uwata ce ko uwarki? In ta ƙara awa ɗaya a hakan mutuwa za ta yi?"

"Anti, fatarta ce..."

"Rufe min baki. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Don mun ɗauke ki 'yar gida shi ya sa kika samu bakin magana."

Tafɗijam. A numfashi ɗaya an kira ta mai kwashe kashi, an kira ta 'yar gida, an kuma kwatanta uwa mahaifiya da kuturu, duk don a wanke faranti 20. Wannan ilimi sai Abuja. Kuma a lura, 'yar gidan nan ba a kira ta ba lokacin da ake zuba abinci, sai da aka zo kan kwanuka aka tuna da zumuncin.

Tunda Anti ta yi tambaya, ga amsarta. Awa ɗaya ba za ta kashe Hajiya yau ba. Gyambon kwanciya ne zai yi aikin a hankali. Mutumin da ba ya motsi, nauyinsa yana danne fata tsakanin ƙashi da katifa, jini ya daina isa wurin, naman ya fara mutuwa daga ciki. Shi ya sa ake juya shi duk bayan awa biyu, sau 12 ke nan a kwana da yini. Inda abin ya fi kamawa: ƙashin gindin baya, kwankwaso, duga-dugai, idon sawu, gwiwar hannu da allon kafaɗa. A fata irin tamu ba lallai a ga ja ba. Wurin zai yi duhu fiye da kewayensa, ya ɗau zafi ko ya yi tauri, in an ɗauke nauyi kuma bai koma daidai ba. Daga nan sai ya saɓule, sai rami, wani har ƙashi ake hangowa, ga wari, ga ruwa. Abin da sakacin 'yan kwanaki ya haifar sai a yi watanni ana wanki ana ɗauri.

Juyin ma ba mirgina buhu ba ne. Za a duba famfas, in ya jiƙe a canza, a wanke da ruwan ɗumi, a tsane da tawul ba tare da gurzawa ba, a shafa mai don fitsari kar ya ci fata. A miƙe zanin gado, domin ko tattarar zani tana iya yin lahani. A sa filo tsakanin gwiwoyi, wani a baya, a ɗage duga-dugai su bar katifa, a tallafe shanyayyen hannun kar ya rataye. Cin abinci kuma zaman kansa ne: a tayar da ita zaune sosai, ƙaramin cokali, a jira ta haɗiye kafin a ƙara, bayan an gama a bar ta a zaune kamar rabin awa. In aka yi gaggawa don ana jiran mai jinya a kicin, kunu ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu, sai zazzaɓi da tari, sai gadon asibiti.

Wannan shi ne aikin da ake kira "zaman banza a ɗaki". Raba 35,000 gida 30, ka sake rabawa gida 24: bai kai naira 50 ba a awa. Wane ɗan acaɓa ne zai tayar maka da mashin a Kwangila a kan naira 50?

Ba a rana ɗaya ake zama baiwar gida ba. Satin farko, "ɗan taya ni yanka albasa". Sati na biyu, "tunda kina wankin Hajiya haɗa da kayan makarantar yaran nan". Kafin wata uku ita ce mai girki, mai shara, mai raino, mai zuwa cefane kasuwar Sabon Gari, albashi kuma yana nan inda yake. Ranar da ta ce a'a, sai a ce ta canza hali.

Shi ya sa tun ran gini ran zane. Duk mai shiga aikin nan ta nemi a rubuta, ko rabin shafi ne, da boko ko da ajami, a gaban shaidu biyu. In an ce takarda ta yi girman kai, to saƙon WhatsApp ma ya isa: ta tura abin da aka yi magana a kai, mai gida ya amsa da "haka ne", ta adana. A ciki a faɗi mutum nawa ake jinya. Mutum ɗaya. A jero aikinsa: wanka, canjin famfas, juyi, ba da abinci da magani, wankin kayansa shi kaɗai, tsaftar ɗakinsa. A kuma rubuta abin da ba ya ciki, domin a nan rigimar take: girkin gida, wanke-wanken jama'a, raino, aike. In gida na son waɗannan, a yi musu kuɗinsu daban ko a ɗauki wata.

A fitar da mai ba da umarni guda ɗaya. Gidan da matar Alhaji za ta ce a yi wanka da safe, ƙanwarsa ta bugo waya ta ce da yamma, gwaggo ta zo da jiƙo a gora ta ce a ɗura mata, mai jinya ce za ta kwana a ciki. Amsarta ga kowa ɗaya ce, cikin ladabi: "A faɗa wa Alhaji, in ya ce a yi sai a yi." A maganar magani kuwa ko Alhajin ba shi da ta cewa, abin da likita ya rubuta shi ne. Wadda ba a koya mata allura ba kar ta karɓi sirinji don an ce "ai abu ne mai sauƙi". Kar ta cire ko ta sa robar fitsari. Nata shi ne ta tabbatar jakar da fitsarin ke taruwa a ciki tana ƙasa da mafitsara, robar ba ta lanƙwashe ba, ta zubar a kan lokaci, in ta ga jini ko fitsari ya tsaya ta sanar nan take. Ta sayi littafin rubutu, ta riƙa rubuta lokacin magani, lokacin juyi, abin da aka ci, abin da ta gani a fata, da wanda ta gaya wa. Ranar da aka tashi neman wanda za a ɗora wa laifi, littafin nan ne kaɗai zai tsaya mata.

Sai dare, wanda kowa ke kauce wa maganarsa. Wadda ta tashi ƙarfe 12, da 2, da 4, ba za ta wayi gari da hankalin da zai bambance ƙwayar hawan jini da ta suga ba. Ko a samo mai karɓar dare, ko 'ya'yan gida su raba kwana, ko a ba ta awannin barci da rana da ba mai buga mata ƙofa. Hutun mako ma awa 24 ne cur, a faɗi ranar, a faɗi sunan mai karɓa. "Je ki ki dawo kafin la'asar" aike ne wannan.

Kar ta ɗaga babban mutum ita kaɗai. Mutum biyu, da zani a ninke a ƙarƙashinsa, kowa ya kama gefe. In ta ja shi ta hammata, ga targaɗen kafaɗarsa, ga ciwon bayanta, kuma ranar da bayan ya ƙi ba wanda zai saya mata ko Panadol. Safar hannu, sabulu, Hypo, leda da famfas duk a wuyan gida suke, ba a albashinta ba. Katin ATM na Hajiya, sarƙarta da makullin durowa kuwa, ko an miƙa mata ta ce a'a. In an aike ta kantin magani ta kawo rasit da canji a gaban wani. Albashi a tsayar masa da rana, a turo ta banki. Zancen "bari mu riƙa tara miki" ya cinye gumin mata da yawa. In namiji ake jinya, ko gidan na da samari, a tsayar da inda za ta kwana, da ƙofa mai sakata.

Yadda ake faɗin a'a ma da dabara. Ba a gaban baƙi ake ja-in-ja ba. A miƙa musu zaɓin: "Hannu biyu gare ni, Hajiya ko kwanuka, wanne za a bari?" Daga baya a samu wanda ya ɗauke ta aiki shi kaɗai, a tuna masa abin da aka rubuta. In an maimaita sau biyu sau uku, ta ba da wa'adin sati biyu ko wata ɗaya, ta karɓi haƙƙinta ta kama gabanta. Kar dai ta bar maras lafiya cikin dare don fushi, shi bai yi mata komai ba.

Amma duk wannan shawara ce ga wadda ke da wurin kai ƙara. Ina za ta je? A watan Yulin 2024 aka sa hannu a mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, jihar Kaduna ta ce nata 72,000 ne, aka yi ta tafi. Dokar kuwa ta tsame duk wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Wane gida ne a Gyallesu ko Hanwa ke da masu aiki 25? Wato da gangan aka zana layin ya bi ta bayan mai jinya, mai wanki da mai raino. Tun 2011 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 189 kan masu aikin gida, har da hutun awa 24 a jere duk mako, Najeriya ba ta rattaba hannun amincewa ba. Ina dalili, tunda masu sa hannun su ne masu 'yan aiki a bayan gida? Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya tashi, famfas ya tashi, masara ta tashi, komai ya motsa ban da albashin mai jinya.

Mu kuma jama'a ba mu da bakin zagin gwamnati. Kowa ya haddace hadisin a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Kowa ya san an hana a ɗora wa mai hidima abin da ya fi ƙarfinsa, in an ɗora kuma a taya shi. A garin malamai muke, ba a rasa mai jawo nassin. Sai an zo biya ne za ka ji "ai aikin lada ne, Allah zai saka miki". To ku 'ya'yan cikinta ba ku son ladan ne? Ana ta sa hoton uwa a Facebook ana rubuta cewa Aljanna tana ƙarƙashin ƙafarta, amma a tambayi mai rubutun yaushe rabon da ya ɗaga ƙafar ya duba dudduginta. Wadda ke dubawa sau 12 a rana ita ce ake ce wa rufe min baki.

A ƙarshe dai mai jinyar ta wanke kwanukan, don tana da yara uku da kuɗin haya a gaba. Sai ƙarfe 4 saura ta samu shiga ɗakin. A kwankwason hagu ta tarar da wuri kamar faɗin murfin kwalba, ya yi duhu, ya ɗau zafi. Anti ta koma Abuja ranar Litinin. Ranar Laraba ta bugo wa Alhaji waya tana tambaya wai ita matar nan da ake biya, me take yi ne a ɗakin har Hajiya ta fara gyambo.