A sayi injin, amma a bar nas ta yi magana

Duk sanda na ga hoton wani babba yana buɗe sabon ɗakin ICU, wato ɗakin kulawa ta musamman ga waɗanda jikinsu ya yi tsanani, a gida Najeriya, an jera injinan numfashi fil da ledarsu, sai in ji wani iri. A saya mana, wallahi muna buƙata. Amma ni da na yi aikin nas a janar asibiti a Jigawa kafin in dawo ICU a nan Ingila, na ga cewa sau da yawa abin da ke tsakanin mara lafiya da mutuwa shi ne ko nas ɗin da ke tsaye a kansa za ta iya buɗe baki ta ce akwai matsala, kuma a ji ta.

A nan ƙa'ida ita ce wanda ke kan injin numfashi nas ɗaya gare shi shi kaɗai, waɗanda suka ɗan samu sauƙi kuma nas ɗaya mutum biyu. Na san wani zai ce to ai magana ta ƙare, su suna da ma'aikata mu babu. Gaskiya ne, ni ma na yi dutin dare mu biyu kacal a wod cike maƙil, ana neman jijiya da fitilar waya kafin a tada janareto. Amma akwai abubuwan da ba sa cin ko sisi kuma ba ma yi.

Ɗauki miƙa aiki. A nan a bakin gado ake yi, mai tashi da mai karɓa su bi mara lafiya daga kai har ƙafa, su duba kowane famfon magani tare, ɗaya ta karanta abin da ke rubuce a jikin sirinji ɗaya ta duba ko ya yi daidai da abin da likita ya rubuta, har fitsari nawa ya yi a awa sai an faɗa. A wurin da na yi aiki a gida, littafin rahoto ne a kan tebur, "ya kwana lafiya, ba ƙorafi", mai tashi tuni ta yafa gyale tana sauri kar motar garinsu ta cika. Ban ga laifinta ba, ta gaji, amma mai karɓa ta fara aiki a makance.

Sai kiran likita, nan ne fa abin ya fi ci min rai. Suna da tsarin da ake kira SBAR, daga sojojin ruwan Amurka aka aro shi aka kawo asibiti: ki faɗi abin da ke faruwa yanzu, ki faɗi tarihin mara lafiya a taƙaice, ki faɗi abin da kike zato, sannan ki faɗi abin da kike so a yi. Da Hausa sai ya fito kamar haka: "Dakta, gado na 4 ne, awon jininta ya sauka 80/40, jiya aka yi mata aikin haihuwa, fitsari ya ɗauke awa biyu, ina zargin jini take zubarwa ta ciki, ina so ka zo yanzu." Mu kuwa yaya muke cewa? "Ranka ya daɗe an wuni lafiya, ya aiki, don Allah in ka samu sarari ka ɗan leƙo, matar nan kamar jikin ya ɗan matsa." Shi kuma yana da mutum talatin a layi, ya ji "ɗan matsa", me zai sa ya taso da gudu?

Tarbiyyarmu ce, an koya mana kunya da kara da girmama na gaba, kuma abu ne mai kyau a zaure da tsakar gida. Amma yarinyar da ta fito daga makarantar nas ta Birnin Kudu, aka tura ta asibitin karkara, in ta taɓa cewa "ina ganin maganin nan ya yi yawa" aka daka mata tsawa a gaban masu jinya wai ke ce likitan ko ni, shi ke nan ta rufe baki har ta yi ritaya.

Kar a ɗauka Turawa sun gama da wannan ciwon. A 2021 wata yarinya 'yar shekara 13, Martha Mills, ta rasu a wani asibiti a Landan sakamakon ƙwayar cuta ta shiga jininta, iyayenta sun yi ta cewa jikin yana ƙara tsanani ba a kai ta ICU da wuri ba. Saboda ita ne daga Afrilun 2024 aka fara tsarin da ya ba mara lafiya da danginsa da ma kowane ma'aikaci damar kiran wata tawaga daban ta zo ta sake dubawa. Da na ji wannan sai na tuna masu jinyarmu, uwar da ta kwana a tabarma a baranda, ita ce ta farkon lura cewa numfashin ɗanta ya canza, mu kuma abin da muka fi iyawa shi ne "Hajiya ku fita waje za a yi rawun".

Akwai kuma takardar NEWS2 ta auna tsananin jikin mara lafiya, numfashi da oksijin da bugun zuciya da awon jini da zafin jiki da ko yana cikin hayyacinsa, kowanne da makinsa, in jimla ta kai 5 a kira likita da gaggawa, in ta kai 7 kuwa dole manya su taso. Takarda ce fa, fotokwafi kawai. Amfaninta ga ƙaramar nas shi ne ba ita ke jayayya da babba ba, lamba ce ta yi magana.

Batun kula da ma'aikata kuma ba zan yi ƙarya ba, zumuncin gida ya fi. In ɗanki ba lafiya wata za ta karɓar miki duti ba sai kin roƙa ba, ga adashi, ga zuwa suna da ta'aziyya. A nan za ki shekara da mutum ba ki san ƙofar gidansa ba. Sai dai in aka yi rashi mai taɓa zuciya, ana zaunar da mu ko na minti goma ne, me ya faru, me za a gyara, kowa lafiya kuwa? Tun 2021 ma akwai nas-nas da aka horar musamman don sauraron 'yan uwansu. A gida "sai haƙuri, kwana ya ƙare" ne, ki wanke hannu ki wuce gado na gaba. Na yi imani da ƙaddara ɗari bisa ɗari, amma ƙaddara ba ta hana a tambaya me ya sa silindar oksijin ta ƙare ƙarfe uku na dare ba wanda ya sani.

Da ni ce shugabar asibiti a Gumel ko Ringim ko Kazaure, kafin in rubuta takardar neman inji sai na tara likitoci da matiron da sababbin nas a ɗaki ɗaya, babban likita ya faɗa da bakinsa a gaban kowa cewa duk wadda ta kira shi tsakar dare, ko da ta tabbata ba komai ba ne, ba za a yi mata faɗa ba.