Gidan gado: a raba, a rubuta, a sauke sunan mamaci daga takarda

Akwai gidaje da yawa a cikin birnin Katsina waɗanda har yau takardunsu na ɗauke da sunan mutumin da ya daɗe da kwanta dama. Ka bi lungunan Rafindaɗi, ka shiga Yarinci ko Saulawa, in ka ga gidan da katangarsa ta tsage, zaurensa ya rufta, ka tambaya. Sau da yawa amsar ita ce "ai gidan gado ne". Da ka ji haka ka san dalilin da ya sa ba a gyara shi. Kowa na da haƙƙi a ciki, saboda haka babu mai zuba kuɗinsa. Ni a ganina, barin gida ko gona da sunan mamaci shekara da shekaru zalunci ne, ko da masu yin haka ba su yi niyyar cutar kowa ba. Kuma waɗanda ke cutuwa kusan kullum mata ne da marayu.

Abin daga kunya yake farawa. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi arba'in, matan mamaci sun fita takaba, amma babu mai iya buɗe baki ya ce a zo a raba. Wanda ya fara magana shi ne mai kwaɗayi, shi ne wanda "dama jira yake Baba ya mutu". Sai a ce Yaya babba ya riƙe takardu amana, ai babban wa magajin uba ne. Yaya kuma mutum ne, yana da iyali, yana da buƙatu. Bana ya karɓi kuɗin hayar shagunan ƙofar gida ya biya kuɗin makarantar 'ya'yansa da niyyar zai mayar. Baɗi ya noma gonar ya zuba hatsin a rumbunsa. Kafin a ankara, 'ya'yansa sun tashi suna cewa "gonar babanmu".

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu ba. Daga dukiyar mamaci ake masa sutura, a biya bashin da ke kansa, a zartar da wasiyyarsa in ba ta wuce sulusi (kashi ɗaya cikin uku) ba kuma ba magaji ya yi wa ba, sannan a raba sauran. Allah da kansa ya yanka kason kowa a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. A aya ta 7 ya ce maza na da rabo, mata na da rabo, ko dukiyar kaɗan ce ko mai yawa. Uzurin jinkiri da malamanmu na Malikiyya suka sani shi ne irin a ce ɗaya daga cikin matan na da ciki, a jira ta haihu, ko kuma ana tantance bashi. Jin nauyin Yaya ba ya cikin uzurori.

Bari mu yi lissafi, don a ga yadda jinkiri ke dagula abu mai sauƙi. A ce mutum ya rasu ya bar mata 2, 'ya'ya maza 3, mata 4, iyayensa sun riga shi, kuma an kimanta gidansa naira miliyan 16. Matan biyu za su raba tumuni (kashi ɗaya cikin takwas), wato miliyan 2, kowace miliyan 1. Sauran miliyan 14 a kasa shi kashi 10: kowace 'ya mace miliyan 1 da dubu 400, kowane namiji miliyan 2 da dubu 800. Mutum 9 ne, a zama ɗaya an gama, kowa ya yi wa mamaci addu'a ya tashi.

To a bar gidan nan shekara 15 ba a raba ba. Ɗaya daga cikin mazan ya rasu, kasonsa ya koma kan matarsa da 'ya'yansa da mahaifiyarsa, wadda za ta ɗauki sudusi (kashi ɗaya cikin shida). Ɗaya daga cikin 'ya'ya matan ta rasu a gidan aure, mijinta ya ci rubu'in kasonta in ta bar ɗa, ko rabi in ba ta bari ba. Ke nan wani bawan Allah daga Mani ko Kaita, wanda bai taɓa kwana a gidan ba, ya zama mai haƙƙi a cikinsa, kuma haƙƙinsa halal ne. Shi ma in ya rasu, 'ya'yan da ya haifa da wata matar su shigo. Wannan shi ne abin da malaman fara'ili (ilimin rabon gado) ke kira munasakha, gado a cikin gado. Mutum 9 sun zama 30 ko fiye, wasu ba su ma san juna ba, wasu na Kano, wasu na Legas, wasu na Maraɗi. Sai ka tara su duka kafin a sayar ko a sauya suna. Mutum ɗaya ya ce bai yarda ba, magana ta koma kotu.

Da can ana iya kawar da kai, don gona a bayan gari ba ta da wani kuɗi mai yawa. Yanzu kuwa, tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987, gari ya fashe ta kowace ƙofa. Gonakin gero na hanyar Dutsinma da Batagarawa da hanyar Daura da ta Jibiya an yayyanka su fulotai. Gonar da Gwaggo ta ce "ku bar wa mazan su noma" shekarun baya, yau dillalai ke zarya a kanta. Nan ne ake ganin 'yan uba sun daina gaisawa, 'yan ɗaki ɗaya ma su kai juna gaban alƙali.

Maganar mata ita ce ta fi ci mini rai. Al'adar nan ta cewa mace ba ta gadon gona ko gida, a ba ta ɗan kuɗi ko kayan ɗaki ta koma gidan mijinta, har yanzu tana nan da ranta a wasu gidaje, an dai sauya mata salo. Ba za a ce an hana ta ba. Sai a kimanta gidan da farashin shekara goma baya, a ce mazan za su "fanshi" kason matan, a riƙa biyan su da kaɗan-kaɗan har kuɗin su rasa daraja. Na san wata baiwar Allah a danginmu na nesa da aka ce za a ba ta kasonta in an sayar da amfanin gona. Ta aurar da 'ya'ya mata biyu da bashi, tana sana'ar ƙuli-ƙuli, alhali tana da rabo a fili mai tsada. Duk sanda ta tuna wa yayanta, sai ya ce "Haba ƙanwata, ni zan ci miki haƙƙi?" Ta rasu ba ta riƙe ko sisi ba. Yanzu 'ya'yanta ne ke jin nauyin tunkarar Kawu.

Mu tuna da matar Sa'adu ɗan Rabi'u, sahabin da ya yi shahada a Uhudu. Ta je wurin Annabi (SAW) da 'ya'yanta mata biyu ta ce baffansu ya kwashe dukiyar ubansu bai bar musu komai ba. Ba a ce mata ta yi haƙuri don zumunci ba. Hukunci ya zo: 'yan matan su ɗauki kashi biyu cikin uku, uwarsu tumuni, baffa ya ɗauki abin da ya rage. Sai a 2014 Kotun Ƙolin Nijeriya ta soke al'adar Ibo mai hana 'ya mace gadon mahaifinta, a shari'ar Ukeje. Mu an ba matanmu wannan haƙƙi sama da shekara 1,400 da suka wuce, kuma mun haddace ayoyin tun muna makarantar allo. Wane uzuri muke da shi? Ga kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu na da nauyi. In aka raba aka sayar, ina Inna za ta zauna? Gidan da kakanni suka gina a miƙa wa baƙo? Ni ma ba na son ganin tsohuwa tana yawon gidan haya. Amma rabo ba dole ne ya zama sayarwa ba. A kimanta da farashin yau, kowa ya ji kasonsa da kunnensa, a rubuta. Bayan nan wanda ya ce ya bar wa Inna nasa ta zauna har ƙarshen rayuwarta, Allah ya saka masa, a rubuta wannan ma. Wanda ke son fita da nasa, 'yan'uwansa na da haƙƙin shufu'a, su ne farkon masu saye kafin bare. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yafiyar da ake karɓa a tsakar gida, a gaban jama'a, daga bakin yarinyar da ba ta san ko nawa take yafewa ba. Kason maraya kuwa babu mai ikon yafe shi, ko uwarsa.

Akwai kuma haɗarin yin shiru. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi akwai hukuncin hauzi: in bare ya riƙe fili shekara 10 yana gini ko noma, mai shi yana cikin garin yana gani, bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, ba za a saurari ƙararsa ba. Tsakanin dangi ana tsawaita wa'adin har wajen shekara 40. Shekara 40 kamar da nisa, amma gidajen gado nawa ne a cikin ganuwa suka haura haka?

To an raba. Nan ma yawancinmu muke tsayawa, alhali aiki bai ƙare ba. Malam ya zo ya yi lissafi a zaure, mai unguwa ya shaida, an yi fatiha an watse. Wannan ya sauke nauyin addini in an yi adalci, amma takardar filin na nan da sunan marigayi. Shaidu kuma mutuwa suke yi. Abin da ya kamata shi ne a nemi takardar shaidar rasuwa, a je kotun shari'ar Musulunci da cikakken jerin magada da shaidu, kotu ta tabbatar da rabon ta ba kowa takarda mai hatimi da ke nuna abin da ya samu da iyakokinsa. Mutane na gudun kotu saboda kuɗin da kotu ke karɓa na rabon gado, wanda ake kira ushira, da kuma ganin cewa zuwa kotu tonon asiri ne. Zuwa kotu don a tabbatar da abin da kuka daidaita a kai ba ƙara ba ce. Kuɗin da za ku biya yau bai kai rabin abin da lauyoyi za su ci ba in rigima ta ɓarke.

Daga kotu sai ofishin filaye. Tun Dokar Amfani da Filaye ta 1978, duk ƙasar da ke jiha na hannun gwamna ne amana, abin da mutum ke da shi shi ne haƙƙin zama da amfani, wanda galibi ake rubuta wa shekara 99 a satifiket. Filayen karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da takardarsu. Sashe na 22 na dokar ya ce ba a sayarwa ko jinginar da fili mai takardar gwamna sai da amincewarsa. Sashe na 24, wanda ya yi maganar gado, ya ce ba a tsaga irin wannan fili gida biyu ko fiye saboda mutuwar mai shi sai da amincewar gwamna. Ma'ana, in 'yan'uwa uku suka ja katanga suka raba fuloti ɗaya, a idon hukuma har yanzu fili ɗaya ne na marigayi, har sai sun je an aiko ma'aikatan safiyo sun auna, an biya harajin filin da ya taru, an fitar wa kowa tasa takardar. In ba a yi haka ba, banki ba zai karɓi takardar a matsayin jingina ba, mai saye da ya san abin da yake yi zai ja baya ko ya karya farashi, kuma ranar da titi ya biyo ta wurin, wanda ke riƙe da tsohuwar takarda shi ne zai fara isa wurin karɓar diyya.

A nan ina da roƙo ga gwamnatin jiha. Sauya suna saboda gado bai kamata ya yi tsada kamar ciniki ba, don magaji bai sayi komai ba. A sauƙaƙa kuɗin, a liƙa jerin abin da ake biya a bango da Hausa da ajami yadda bazawara daga Daura ko Mashi za ta gane ba tare da ɗan tsakiya ba. Limamanmu su ma su riƙa ɗaukar wannan batu a huɗuba kamar yadda suke ɗaukar zakka.

Ku kuma iyayenmu da Allah ya bar mana ku, ku taimake mu tun kuna raye. Ku faɗa wa iyali inda takardu suke, da filin da yake naku, da wanda aka ba ku ajiya, da wanda kuka yi tarayya da wani. In ka ba ɗanka ko matarka kyautar gida, ka sani faɗa da baki bai isa ba. A Malikiyya, kyautar da ba a karɓa aka riƙe ba har mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali ta warware, ta koma cikin gado, musamman in gidan da kake zaune ciki ne. Ka miƙa, ka kafa shaidu, ka sauya sunan da kanka. In kuma kana da jikokin da ubansu ya riga ka rasuwa, ka tuna baffanninsu za su kange su daga gadonka. Ka yi musu wasiyya daga cikin sulusi, ka sa a rubuta, shaidu biyu su sa hannu.