Wanda bai zagaya Bosomtwe da ƙafa ba, bai gan shi ba

'Yan'uwana mutanen zangon Kumasi, ina da magana da ku a kan tafkin Bosomtwe, musamman matasanmu na Aboabo da Asawase da Sabon Zango.

Duk bayan Sallah sai a yi karo-karo a ɗauki bas, a loda kuloli da manyan sifiku, a bi ta Kuntanase a gangara Abono. A shimfiɗa tabarmi a bakin ruwa, a ci a sha, a ɗauki hotuna, da la'asar a tattara a dawo gida. Ba na ganin laifin wannan ko kaɗan, mutum yana bukatar ya huta. Abin da ke damuna shi ne yadda muke dawowa muna cewa mun ga Bosomtwe, alhali iyakarmu ƙofar shiga. Akwai hanyar ƙafa da ta kewaye tafkin gaba ɗaya, kusan kilomita 30, ta ratsa ƙauyuka sama da 20, ta bi ta gonakin koko da agade da rogo, ta kutsa cikin abin da ya rage na kurmi, ta dawo da kai inda ka tashi. Mai ƙarfi da ya yi sammako yana iya gama ta a yini guda. Mai son ya ga abu da kyau ya raba ta biyu, ya kwana a hanya. Ra'ayina shi ne ya kamata mu fara bin wannan hanya, mu da kanmu, mu daina barin ta ga baƙin da ke zuwa daga ƙetare da jakunkuna a baya.

Tun daga gangaren Abono ya kamata mutum ya tambayi kansa me ya sa mota ke ta sulalawa ƙasa haka, kuma me ya sa tsaunuka suka yi wa ruwan ƙawanya ta ko'ina. Dalilin shi ne wurin rami ne. Shekara miliyan 1 da 'yan kai da suka wuce, wani ƙaton dutse ya faɗo daga sararin samaniya ya daki ƙasa a nan, ya bar rami mai faɗin kilomita 10.5. Ƙarfin bugun ya narkar da duwatsu ya watsa su sama, har a ƙasar Kodebuwa an tsinci ƙananan gilasai da masana suka tabbatar daga nan suka fito. Ruwan sama ne ya taru a ramin ya zama tafki mai faɗin kusan kilomita 8, zurfinsa a tsakiya ya kusa mita 80. Tafkin Bolta da muke alfahari da girmansa hannun mutum ne ya tare shi a Akosombo. Wannan kuwa babu hannun kowa a ciki sai ikon Allah, kuma yana nan kusa da mu, tafiyar kilomita 30 kacal daga Kumasi.

Wanda ya zauna a Abono zai iya jin wannan labari daga bakin wani. Amma akwai abu guda da sai mai tafiya da ƙafa yake gane shi a jikinsa. Za ka tsallake ƙoramu, wasu da ruwa wasu busassu, kuma kowacce ciki take gangarawa. Ka yi ta tafiya kana jiran ka iske inda ruwan ke fita, har ka dawo inda ka faro ba ka same shi ba. Babu shi. Bosomtwe ba shi da mafita, rana ce kawai ke shanye abin da take shanyewa. Randa ce marar huji: abin da ka zuba a ciki yana nan. Ledar fiya-wata da muka yar ranar yawon Sallah, kumfar sabulun wanki, maganin feshin da ruwan sama ya wanko daga gonar koko, jar ƙasar da ta zaizayo daga gangaren da aka ƙone, babu kogin da zai kwashe su ya kai teku. Tun da na fahimci haka, ganin leda tana yawo a bakin ruwan nan yake ɓata mini rai fiye da ganinta a kwatar Aboabo.

Da sassafe hanyar tana da wani daɗi da ba ya misaltuwa. Raɓa ta jiƙa ciyawa, ƙafar wandonka ta yi sharkaf, hazo ya kwanta a kan ruwan har ba ka hango ɗaya gefen. A irin wannan lokaci ne na tsaya kusa da wani masunci yana shirin shiga ruwa. Ba shi da kwalekwale. Wani falankin katako ne mai kauri, wanda suke kira padua, ya tura shi cikin ruwa ya hau ya zauna, ƙafafunsa na reto a ciki. Ya ɗora tarunsa a gabansa, ya kama tuƙi da hannuwansa biyu, kowane hannu riƙe da ɗan abu mai faɗi kamar sakaina. Ba ƙarar inji, ba warin mai. Na bi shi da kallo har ya yi nisa, ya miƙe ƙugu ya wurga taru ya buɗe da'ira. Da ya dawo, abin da ke cikin kwandonsa ƙananan karfasa ne, da yawansu ba su kai tafin hannu ba. Dattawan ƙauyukan duk bakinsu ɗaya, cewa da can kifin ya fi haka girma da yawa. Masu kamawa sun ƙaru, ruwan kuwa bai ƙaru ba. Kuma a cikin kifin nan akwai irin da kusan ba a samunsa a wani wuri sai nan. Idan ya ƙare a Bosomtwe, ba inda za a je a ɗebo wani.

Na san abin da wasunmu za su ce, domin na sha ji: ai wurin tsafi ne. Gaskiya ne Asantawa suna girmama tafkin a addininsu na gargajiya. Suna da labarin maharbin da ya biyo wata dabbar daji da ya harba har ta shige ruwan ta ɓace, kuma sun yi imani rayukan matattu kan biyo ta nan su yi bankwana. Wannan imaninsu ne, ni Musulmi ne, nawa daban. Ba wanda ya ce ka yi yanka ko ka durƙusa wa dutse. Hanya ce za ka bi, ka gai da mutane, ka yi sallarka a kan lokaci a inuwar bishiya, kuma ban taɓa ganin wanda ya harare ni don na shimfiɗa darduma ba. Sannan mu yi adalci. Al'adar da ta hana sa kwalekwale da ƙarfe a ruwan, ko me masu ita suka nufa da ita, ita ce ta taƙaita yawan kifin da mutum ɗaya zai iya kwasa, tsawon zamanai. Yanzu al'adar ta yi sanyi, har jiragen inji na ɗaukar masu yawon buɗe ido. Idan tsohuwar doka ta saki, dole a sami wata da za ta riƙe wurin, in ba haka ba kowa zai ɗebi iya ƙarfinsa.

Maganar kurmi kuwa ita ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Daga bakin ruwa a Abono, idan ka ɗaga kai, ko'ina kore shar, sai ka ɗauka daji ne cunkus. Sai ka shiga ciki za ka ga yawancinsa gona ce. Kurmin asali ya rage tsibiri-tsibiri, a wuraren da gangaren ya fi ƙarfin fartanya. Bambancin a fata ake jinsa. Kana cikin rana tana dukan ƙeyarka, gumi ya jiƙa riga, sai hanya ta shigar da kai ƙarƙashin manyan itatuwa, rimi da 'yan'uwansa masu saiwoyi kamar bango, nan take iska ta sauya, haske ya ragu, kukan tsuntsaye ya cika kunne, ƙasa ta yi laushi da ruɓaɓɓen ganye. Ba ka gama more wannan ba sai ka fito fili, ka iske gangare an sare an banka masa wuta, kututture baƙi ƙirin, kuma ruwan sama ya riga ya tsaga kwari a tsakiya yana jan ƙasa zuwa tafki. Tsakanin wuraren biyu bai fi jifa ba.

Ban ce manomin mugu ba ne. Na zauna a ƙofar gidan wata tsohuwa tana juya 'ya'yan koko a kan shimfiɗar gora da aka ɗaga a kan sanduna, tana tsince marasa kyau ɗaya-ɗaya, warin tsaminsu ya cika wurin. Na ce, "Maame, sannu da aiki," ta sa jikanta ya kawo mini kujera da lemo. Da wannan kokon ake biyan kuɗin makarantar yaron. Wanda ya ce mata kada ɗanta ya faɗaɗa gona, to ya zo mata da abin da zai maye gurbinta. A nan ne nake ganin tafiyar ƙafa tana da amfanin da ya wuce motsa jiki. Kuɗin mai yawon Sallah a Abono yake tsayawa. Mai zagaye kuwa zai sayi dokunu da soyayyen kifi a wannan ƙauye, ya sayi ayaba a na gaba, ya biya ɗan jagora, ya biya wurin kwana a can ɗaya gefen da mota ke wahalar zuwa. Ranar da mutumin Ankaase ko Apewu ko Banso ya ga cewa inuwar bishiya tana kawo masa baƙi masu sayayya, zai yi tunani sau biyu kafin ya ɗora mata gatari.

Akwai kuma busassun itatuwa da za ka gani tsaye a cikin ruwa kusa da gaɓa. Da can a tudu suke. Tunda tafkin ba shi da mafita, idan aka jera shekarun ruwa sai ya hau, har ya sha tilasta wa ƙauyuka su matsa sama, idan aka jera na fari kuma ya ja baya. Laka da ke kwanciya a ƙasansa shekara bayan shekara ta adana wannan tarihi, shi ya sa a 2004 masana daga ƙasashe daban-daban suka zo suka haƙa ƙasan tafkin. Wani bincike da aka wallafa a 2009 a kan lakar Bosomtwe ya nuna cewa Afirka ta Yamma ta sha fama da fari mai tsawon gaske, na baya-bayan nan ya ɗauki daga wajen 1400 zuwa 1750. Mu da iyayenmu da kakanninmu suka fito daga Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram, muka taso da labarin farin shekarun 1970 da 1980 da yadda ya kashe dabbobi ya kori mutane daga garuruwansu, wannan ba labarin wasu ba ne. Labarin damina da fari na yankinmu duka yana kwance a ƙasan ruwan da muke zuwa mu jefa wa kwalbar lemo.

Sai masu cewa tafiyar ƙafa ba gaira ba dalili aikin Turawa ne, ko na wanda ba shi da abin yi. Wannan magana tana ba ni mamaki idan ta fito daga bakin ɗan zango. Su wa suka taka daga ƙasar Hausa zuwa Salaga da jakuna, wata da watanni, madugu a gaba, don goron da ke fitowa daga wannan kurmin na Asante? Da ƙafa muka zo ƙasar nan. Yau kuma daga gida zuwa masallacin Juma'a sai mun tare abin hawa, ga hawan jini da ciwon suga sun cika gidajenmu. Kuma Allah da kansa ya umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda ya fara halitta. Ban san wuri kusa da mu da ya fi wannan ramin cancantar a je a duba ba.

Ba zan ɓoye muku ba, hanyar tana da wuya. Akwai hawa mai sa numfashi ya yi sama, akwai inda duwatsu ke zamewa, akwai inda hanya ke rabuwa cikin gonar koko ba alama. Da damina, daga Afrilu zuwa Yuli, santsi ya yi yawa kuma ciyawa kan rufe sawu. Lokacin hunturu ya fi sauƙi ga ƙafa, ko da yake ƙura kan dushe hangen nesa. A tashi bayan sallar Asuba. A sa takalmi mai kama ƙasa, ban da silifa. A ɗauki ruwan sha isasshe. A nemi jagora ɗan wurin, a biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba. Idan an shigo ƙauye a yi gaisuwa, a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum, kada a tsinki kokon kowa. Iyayenmu mata da dattawa ba sai sun zagaye duka ba, su taka zuwa ƙauye na biyu ko na uku su dawo, ko wannan ma zai nuna musu abin da ba a gani daga kan tabarma.

A 2016 hukumar UNESCO ta sa Bosomtwe cikin wuraren da duniya ta amince a kiyaye muhallinsu. Suna ne mai kyau, amma takarda ba ta tsare gangare. Duk mun ga abin da galamsey, wato haƙar zinari ba bisa ƙa'ida ba, ya yi wa kogin Ofin da kogin Pra, ruwan da ake sha ya koma kamar kunun laka, alhali su koguna ne masu gudu. Idan irin wannan dafi ya shiga ruwan da ba ya fita, ban ga ranar da zai wanke ba. Masu iya ɗaga murya da wuri su ne waɗanda suka san wurin da ƙafarsu, suka san gangaren da bara yake da itatuwa bana babu.

Don haka ina roƙon shugabannin ƙungiyoyin matasa da malaman makarantun Islamiyya na zangonmu: a tafiyar bayan Sallah mai zuwa, a bar sifiku a gida, ko aƙalla a raba tawagar biyu. Masu son zama su zauna a Abono. Masu ƙarfi su tashi da jagora, kowa da buhu ɗaya a hannu na tsince leda, a fito da shi daga ramin gaba ɗaya a dawo da shi Kumasi. Duk ƙungiyar da ta shirya, ta sanar da ni, zan zo, kuma zan ɗauki nauyin kuɗin jagora.