Ki ci gaba da danna rifot, baiwar Allah

Masu kira na suna tambaya wai Hajiya kin daina kawo kaya ne, kwana biyu ba ma ganin sabbin hotuna, wallahi ban daina ba. Ɗorawa nake, ni ina gani a wayata ku kuma ba ya zuwa muku. Kowa ya ce min netwok ne, na canza layi, na sake loda data, har wajen masu gyara na kai wayar aka ce lafiyarta ƙalau. Sai daga baya saƙo ya shigo wai an kai ƙorafi a kan fostin ɗina, wai ni 'yar damfara ce, hotunan ma na sata ne. Atamfar da na sha rana na saro a Kantin Kwari, na shimfiɗa a tsakar ɗakina na ɗauka da hannuna!

Toh ita mai aikin ta ɗauka tunda ba a faɗa wa mutum wanda ya yi masa rifot shi ke nan asiri ya rufu. Baiwar Allah Kaduna ƙarama ce. Cikin waɗanda kika tara kina cewa kowa ya shiga ya danna, da ƙannen miji da 'yan ajinku na Islamiyya, akwai masu tsoron Allah, kuma sikirinshot ba ya ƙarya. Ba zan kama suna ba saboda iyayenmu suna gaisawa, kuma ina jin nauyin mahaifiyarki har ga Allah.

Abin da ya fi ci min rai, lokacin da ba ki san bambancin leshi mai kyau da na gwanjo ba wa ya riƙe hannunki ya zaga da ke Kasuwar Gumi shago shago? Wa ya haɗa ki da direban Kawo mai kai saƙo Zariya da Kano ba ya taɓa ko ƙyalle? Ban taɓa goranta miki ba sai yau da kika taɓa abincin yarana.

Ki tuna ƙarshen Satumba 2021 da aka rufe sabis a wasu sassan jihar nan saboda 'yan bindiga, kusan wata biyu mutane na fita nesa neman inda za su yi kira. A cikin wannan halin ne ma ranar 4 ga Oktoba Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke duk duniya kusan awa shida. Ban rufe sana'a ba, matan Rigasa da Tudun Wada da ƙafarsu suka riƙa sallama a ƙofata, don sun san yadi shida na ce toh yadi shida ne, ba na rage ko taku ɗaya, ba na haska kaya da fitila ya zo hannu ya koma wani kala. Wannan amanar ba ta da wajen danna rifot.

Na riga na ɗaukaka ƙara ina jiran su duba. Kwastomomina kafin nan ku yi sebin ɗin lambata ni ma in yi taku, don sitatus na WhatsApp da zan riƙa ɗora kaya ba ya nunawa sai kowa yana da lambar kowa, kuma awa 24 yake yi ya sauka. Abayoyi da leshin biki sun iso, masu ɗaukowa a Kawo ku yi min magana tun da safe.