Ku Daina Naɗe Labaran Poe da Tabarmar Hauka

Makon jiya na kwashe dare biyu ina duba takardun ɗalibai a kan gajerun labaran ban tsoro na gotik, wato salon adabin Turawa mai cike da duhu da firgici, irin na marubucin Amurka Edgar Allan Poe, kuma tun ban kai rabi ba na san abin da ke cikin sauran. Mai ba da labarin mahaukaci ne, ba a yarda da maganarsa, yana fama da wani ciwon ƙwaƙwalwa mai dogon suna. Shi ke nan, an gama nazari. Wasu har jimlolinsu iri ɗaya ne kamar an buga da hatimi, ba sai an gaya mini cewa manhajojin nan masu amsa tambaya a waya ne suka yi aikin ba. Satar amsa tsohon ciwo ne, mun saba. Amsar ce ta ɓata mini rai, domin ko ɗalibin ya zauna ya rubuta da kansa, ita ɗin dai zai rubuta, tunda ita aka koya masa.

Tun da masanin adabi Wayne Booth ya fito da batun mai ba da labarin da ba abin dogaro ba a 1961, kalmar ta zama mabuɗin kowace ƙofa ga malalacin mai nazari. Shi Booth yana nufin a auna tazarar da ke tsakanin abin da mai magana ya faɗa da abin da labarin ke nunawa. Mu kuwa mun mayar da ita takardar asibiti. Ana manna wa mutum ita, sai a tashi.

Ɗauki The Tell-Tale Heart na Edgar Allan Poe, wanda ya fito a watan Janairun 1843. Mutum ne ke ba ka labarin yadda ya kashe wani tsoho da suke gida ɗaya. Ya ce yana ƙaunar tsohon, bai taɓa cutarsa ba, bai kuma kwaɗayin dukiyarsa. Idonsa ne kawai, ido ɗaya mai yana-yana irin na ungulu. Dare bakwai a jere, da tsakar dare, yana murɗa ƙofar ɗakin a hankali, sai ya ci sa'a guda kafin ya gama shigar da kansa, sannan ya buɗe fitilarsa ɗan kaɗan yadda zaren haske guda zai sauka a kan idon. Kullum ya tarar da idon a rufe sai ya haƙura ya koma, da safe ya shigo yana tambayar tsohon yadda ya kwana. A dare na takwas ya tarar da shi a buɗe. Bayan ya gama, ya daddatsa gawar, ya ɗaga katako uku na daɓen ɗakin ya binne. Da 'yan sanda uku suka zo da asuba saboda maƙwabci ya ji ƙara, shi ya kawo musu kujeru, ya kuma ajiye tasa daidai kan wurin.

To, ina tsoron yake a nan? Ba a cikin jinin ba, Poe ko jinin bai bari ya zuba a ƙasa ba. Tsoron yana cikin haƙurin nan na sa'a guda a bakin ƙofa, da gaisuwar safiya, da yadda mutumin ke jan hannun rigarka yana neman ka yaba masa dabara. Da kai yake magana. Tun daga layin farko yake roƙon kada ka kira shi mahaukaci, kuma kafin ka farga kana riƙe numfashi tare da shi, kana fatan kada ƙofar ta yi ƙara. Na ɗan lokaci ka koma abokin aikinsa. Wannan shi ne abin da mai karatu ba ya son amsawa, shi ya sa yake garzayawa wurin likita. Hausawa sun ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, sai dai a nan mai karatu ne ke naɗe tasa da haukan wani.

Af, Poe bai taɓa faɗin ko mai maganar namiji ne ko mace ba. Turanci ya ba shi damar ɓoyewa, Hausa kuwa tana tilasta mini in zaɓi “ya” ko “ta”. Ba takarda ko ɗaya da ta lura da wannan, alhali kowa ya san sunan cutar.

Za a ce ai zamanin Poe zamani ne na muhawara a kan hauka a gaban shari'a, kuma gaskiya ne, a watan da labarin ya fito ne Daniel M'Naghten ya harbe sakataren firaministan Ingila, daga baya kotu ta wanke shi bisa taɓin hankali. Wannan hujja ai tawa ce. A lokacin da hauka ke iya ceton wuya daga igiya, Poe ya ƙirƙiro mai laifin da ya ƙi wannan mafita, ya gwammace a san shi da wayo ko da za a rataye shi. Girman kai ne ke magana, kuma girman kai ba cutar da ta tsaya a gidan mahaukata ba ce.

The Black Cat na Poe, shi ma na 1843, ya fi tona asirin wannan karatu. Mai labarin yana rubutu ne a daren da gobe za a kashe shi. Shafi bayan shafi yake yi a kan kyanwarsa Pluto: yadda ya ƙwaƙule mata ido da 'yar wuƙa, yadda ya rataye ta a bishiya yana hawaye, yadda giya ta lalata shi, da wata muguwar ɗabi'a ta yin laifi don kawai laifi ne. Matarsa fa? Ta riƙe masa hannu don kada ya sari kyanwa ta biyu, sai ya kafa mata gatarin a ka. Jimla ɗaya ko biyu ta samu. Ko sunanta ba mu ji ba. Ya gine gawar a bangon ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya kuma shaida mana cewa a daren ya yi barci mai daɗi. Duk wanda ya taɓa zaman sulhun aure ya san wannan murya: mijin da zai yi sa'a guda yana bayanin shaiɗan da ɓacin rai da matsin rayuwa, dukan kuwa ya wuce shi da “abin da ya faru ya faru”. Ba wanda ke kiran irin wannan mahaukaci. Mun san sunansa.

Montresor, mai ba da labari a The Cask of Amontillado na Poe, 1846, ko kafar shigar likita bai bari ba. Ya gine wani mutum mai suna Fortunato da ransa a cikin rami, shekara hamsin ta wuce ba a kama shi ba, yana ba da labarin cikin natsuwa, kuma har ƙarshe bai faɗi cin mutuncin da aka yi masa ba. Wace cuta za a rubuta masa?

Wurin da abin ya tashi daga lalaci ya koma zalunci shi ne The Yellow Wallpaper na Charlotte Perkins Gilman, 1892. Mace ce mai jego, mijinta John likita ne, ya killace ta a ɗakin sama mai tagogi da sanduna, ya hana ta rubutu da ziyara, duk da sunan magani. Gilman da kanta ta sha irin wannan magani na hutun dole a hannun likita Silas Weir Mitchell. Ɗalibin da ya karanta wannan ya kammala da cewa ba a yarda da maganarta domin ba ta da hankali, ya sa hannu ne a ƙarƙashin takardar John. Labarin gaba ɗaya ƙara ce a kan wannan hukunci, shi kuma ya zo ya sake yanke shi don ya ci maki.

Daga mai labari, haukan yakan tsallaka kan marubuci. Poe ya mutu a Baltimore a 1849, kwana biyu bayan haka abokin gabarsa Rufus Griswold ya buga ta'aziyya mai dafi da sunan aro, daga baya ya rubuta tarihinsa har da wasiƙun da ya yi wa coge. Hoton mashayin da ya rubuta haukan kansa daga can ya samo tushe, kuma ga shi na tsince shi a takardun bana kamar wahayi. Marubutanmu na Hausa sun san wannan ƙaya, domin marubuciyar da ta ƙirƙiro muguwar kishiya a labarinta sai an tambayi lafiyar gidanta.

Ni dai a ajina na soke tambayar “kawo hujjojin haukan mai labari”. A ajiye waya, ɗalibi ɗaya ya tashi ya karanta labarin da murya, sauran su saurara kamar masu zaman kotu, sannan a tambaye su da wa mutumin yake magana, me yake nema a wurinsa, me ya tsallake. Na gwada da labarin kyanwar. Da mai karatun ya zo kan jimlar gatarin, wata ɗaliba daga baya ta ce, “Malam, a maimaita, ban ji inda ta mutu ba.”